Nazari Kan Kyamarori Huɗu na Japan da Abin da Suka Jawo wa Mai Su a Potiskum

Kyamara mai auna nisa na'urar ɗaukar hoto ce da galibi ke aiki da fim, wadda ta yi tashe daga shekarun 1930 zuwa ƙarshen shekarun 1970, kuma abin da ya raba ta da sauran kyamarori shi ne yadda take gano tazarar da ke tsakaninta da abin da za a ɗauka. A goshinta akwai ƙananan tagogi biyu, kowacce na hangen abu daga kusurwarta, sai wani ɗan madubi a ciki ya haɗa hangen biyun wuri guda, ta yadda mai leƙawa zai ga mutum ɗaya ya zama biyu a tsakiyar tagar. Aikinsa shi ne ya murɗa zoben da ke kewaye da gilashin gaba, wanda shi ne idon kyamarar, har mutanen biyu su koma ɗaya, a lokacin ne hoton zai fito tsaf. Yana da kyau mai karatu ya riƙe tun yanzu cewa tagar leƙe daban, idon da ke ɗaukar hoto daban, kuma babu abin da ɗayansu yake sanar da ɗan'uwansa.

Jamusawa sun fito da kyamarar Leica a 1925, suka ɗora mata ma'aunin nisa a 1932, sannan Japan ta bi sahu da Canon a 1936 da Nikon a 1948. Sunan Japan ya ɗaukaka ne bayan da David Douglas Duncan na mujallar Life ya ɗauki hotunan yaƙin Koriya a 1950 da gilasan Nikon, amma da Nikon F ta fito a 1959, wadda a cikinta ta idon kyamarar kansa ake leƙawa, sai ƙwararru suka koma can, aka bar masu auna nisa ga magidanta masu ɗaukar 'ya'yansu ranar hutu. An ƙera irin waɗannan miliyoyi, kuma su ne a yau ake tsinta a hannun 'yan gwanjo da ƙasan akwatunan tsofaffin alhazai.

Masu tara su a ƙasashen sanyi kan kwatanta su ta fuskar kaifin gilashi da laushin launi, mai wannan bincike kuwa ya ƙudurta yin irin wannan kwatanci a Potiskum, garin da ba a yi shi domin wannan aiki ba. Potiskum mahaɗar hanyoyin Kano da Bauchi da Maiduguri da Gashuwa ce, nan fadar Fika ta dawo a 1924, kuma kasuwar shanunta da ke ci ranar Laraba tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Mutanen garin sun san tara shanu da tara hatsi da tara tireloli, wato abin da ke haihuwa ko ya yi tsada ko ya kawo kuɗin dako, saboda haka mutumin da ya tara ƙarafa huɗu da ba sa yin ko ɗaya daga cikin ukun dole ya riƙa yin bayani, tun daga kan uwargidansa, wadda har yau ba ta karɓi bayanin ba.

Kyamarorin su ne Yashica Electro 35 ta 1966, da Minolta Hi-Matic 7s ita ma ta 1966, da Olympus 35 RC ta 1970, da Canonet G-III QL17 ta 1972, wadda kamfanin Canon ya sayar da fiye da miliyan ɗaya kafin ya daina ƙera ta a 1982. Yashica da Canonet suna da buɗewar ido ta 1.7, Minolta 1.8, Olympus 2.8, adadin da ke nuna faɗin kafar da haske ke bi, kuma ƙanƙantarsa ita ce yawan hasken. Uku daga cikinsu sun zo da araha. Minolta ce ta yi tsada, domin ɗan wani tsohon mai hoto da ya gaje ta ya riga ya ce a ɗauka kyauta, sai mai binciken, bisa amanar ilimi, ya sanar da shi cewa yayar wannan kyamara ce, da sunan Ansco Autoset, John Glenn ya tafi da ita sararin samaniya a watan Fabrairun 1962. Nan take saurayin ya janye hannunsa, wani dillalin awaki da ke wucewa ya tsaya ya shiga maganar, kowane tayi aka amsa shi da albarka, aka ƙare da biyan kuɗin kyamara da la'ada a kan abin da babu wanda ya tanka masa shekara talatin.

Matsalar farko ta batir ce. Waɗannan kyamarori suna auna haske da kansu, kuma an gina ma'auninsu a kan batiran zaiba, wani ƙarfe mai gudu kamar ruwa wanda guba ne ga ɗan Adam, shi ya sa Amurka ta hana sayar da irinsu a 1996, wasu ƙasashe ma suka hana. Batirin zaiba na Canonet yana ba da bolt 1.35 ba ragi ba ƙari, na agogo da ake samu a kasuwa kuwa 1.5 ne, kuma wannan ɗan bambanci ya isa ya sa ma'aunin ya riƙa shaidar zur. Magani mafi kusa shi ne batirin na'urar da masu raunin ji ke saƙalawa a kunne, mai bolt 1.4, wanda iska ke kunna shi da zarar an ɓare takardar bayansa, ya kuma mutu cikin makonni ko an yi aiki da shi ko ba a yi ba. Saboda haka sai mai binciken ya riƙa zuwa wani kemis yana tambayarsa a kai a kai, a gaban jama'a, ba tare da ya hango inda maganar za ta je ba.

A daidai wannan lokaci ne Yashica ta kawo nata gudummawar. A cikinta akwai wata 'yar roba da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, wadda idan ta ruɓe duk lantarkin kyamarar ya rikice, kuma hanyar gane lafiyarta ita ce a ja hannun naɗe fim a saurari wata 'yar ƙara. Maƙwabta da suka ga mutum zaune a ƙofar gidansa bayan la'asar ya kafa kunne a jikin ƙarfe yana ja yana sake ja, ga kuma labarin kemis ya riga ya iso, sai suka haɗa biyun suka yanke hukunci. Kafin mako ya zagayo mai shayi da ladan da yaran unguwa duk sun koma yi masa magana da ihu, cikin tausayi, surukinsa ma ya aiko a yi masa jaje tare da wani mai a kwalba na ɗigawa a kunne. Musu bai yi amfani ba, tun da duk wanda ya ce yana ji sarai, cewa ake yi haka dukansu suke faɗi. Daga ƙarshe ya ɗauki matakin da ya ga ya dace da mutuncinsa, wato duk wanda ya ɗaga masa murya sai ya gyaɗa kai ya yi murmushi ya ci gaba da abin da yake yi, ba tare da ya saurari abin da aka ce ba.

Akwai kuma soson da ke liƙe a bakin ƙofar bayan kowace kyamara domin tare haske, wanda shekaru da zafi ke narkar da shi ya koma baƙi mai danƙo kamar kwalta. An gano wannan ne a ƙirjin farin kaftani ranar Juma'a, kuma ba a ƙara sa kaftanin ba.

Ƙa'idar kwatanci ita ce a ɗauki abu ɗaya da kowace kyamara a haske ɗaya, don haka aka zaɓi wani farin bijimi a kasuwar Laraba, cikin hazon hunturu. Abin da littattafan hoto ba su tanada ba shi ne cewa a wannan yanki mutum mai rataye da kyamarori huɗu da littafin rubutu ba ya kama da kowa sai mai rajistar tallafi, don haka kafin ya gama daidaita ta farko layi ya miƙe a bayansa, wasu har da katin shaida a hannu. Mai bijimin kuma ya ɗauke shi wakilin wani attajiri ne daga Legas, ya ƙara wa dabbar kuɗi nan take. Bijimin kansa bai san cewa ana jiran shanu biyun da ke cikin tagar su koma ɗaya ba, duk lokacin da suka kusa haɗuwa sai ya juya. Waɗanda aka ɗauka domin a sallame su suka zagayo baya suna cewa a nuna musu, da suka tarar da bayan kyamarar baƙin ƙarfe ne babu allo, aka kuma ce musu sai fim ya cika an kai wanki, wani dattijo ya faɗa da babbar murya, yadda ko kurma zai ji, cewa ya daɗe bai ga damfara a fili irin wannan ba.

Sai batun biki. Da za a aurar da ƙanwar uwargida, suruki ya ce ba za a ɗauko mai hoto daga waje ba alhali ga mai kyamara huɗu a gida. An zaɓi Yashica saboda faɗin idonta da rashin ƙararta, bayan wani mai gyaran rediyo ya cike gurbin dogon batirinta mai bolt 5.6 da gajere mai bolt 6 da sifirin da kwali. A nan ne wani bambancin ƙira, wanda masu sharhi kan wuce shi a layi ɗaya, ya zama babban al'amari. A Canonet da Olympus ƙwayar da ke auna haske tana cikin zoben idon ne, ta yadda idan murfi yana rufe sai ta ga duhu ta kulle maɓallin ɗauka. A Yashica kuwa injiniyoyi sun kai ta can sama kusa da tagar leƙe, inda murfi bai shafe ta ba. Ranar ɗaurin auren ƙura ta taso, mai binciken ya mayar da murfin domin kare gilashin, matakin da kowane masani zai yaba. Tagar leƙe ta ci gaba da nuna masa malamai da manyan riguna da amarya cikin lulluɓi tsakanin ƙawayenta, fitilun gargaɗin kyamarar ba su ce komai ba, maɓalli yana dannuwa lafiya lau. Shaidu sun tabbatar da cewa an yi ta yi masa ihu, har wani ɗan wansa ya ja masa riga yana cewa, “Baffa, murfin! Murfin!” Shi kuwa, bisa tsarin da ya riga ya ɗauka, ya gyaɗa kai ya yi murmushi ya ci gaba har fim mai hoto 36 ya ƙare.

Shagunan hoto na gari sun koma buga hotunan waya da na fasfo, sai aka ba wani direban tirela mai kai shanu Legas finafinan, suka yi tafiyar a gaban mota kusa da inji. Fim mai launi ana wanke shi ne da tsarin C-41 da Kodak ya fitar a 1972, a ruwa mai zafin digiri 37.8 daidai, zafin da ruwan duro a Potiskum kan zarce da kansa a watan Afrilu, amma ba a so fim ya ɗanɗana shi kafin ya shiga wanki. Mai wankin ya bugo waya cikin ladabi yana tambaya ko da dare aka yi bikin, kuma ko an ɗauke wuta ne.

Sakamakon kwatancin, gwargwadon yadda ya samu, shi ne wannan. Canonet ta ba da bijimi mai jan zane daga sama har ƙasa, saboda haske ya shiga ta inda soson ya narke. Minolta, wadda aka sa wa batirin agogo ranar da na kunne ya mutu, ta ɗauka rana ta fi yadda take, ta tsuke ido, bijimin ya fito toka-toka. Olympus ta fi kowacce kaifi, sai dai layukan tagarta ba sa matsawa idan an kusanci abu yadda na Canonet ke yi, kuma tun da tagar tana sama da idon, abin da ake gani ya ɗara abin da ake ɗauka tsawo. Ta haka ne bijimin da aka ƙara wa kuɗi saboda ƙahonsa ya fito ba ƙaho. Game da Yashica babu hukuncin da za a yanke kan gilashinta, tun da haske bai samu ya ratsa shi ba.

Matsayin mai binciken, wanda bai sauya ba, shi ne cewa alhakin yana wuyan waɗanda suka raba ƙwayar auna haske da ido a 1966, kuma ya gabatar da wannan a zauren surukinsa da zane a takarda. Suruki ya tambaya ko za a iya kiran mutanen su zo su yi bayani, aka ce masa kamfanin Kyocera ya saye Yashica a 1983, shi ma ya bar ƙera kyamara a 2005, sai ya ce to tun da babu wanda za a kama a can, a kama wanda ke nan. Hukuncin shi ne a sake tara dangi na Fika da Nangere da Damaturu da Azare ranar babbar Salla, kuɗin mota da na abinci a aljihun mai kyamara huɗu, ɗan wan nan nasa ya ɗauki hoton da wayarsa, shi kuma ya tsaya a sahun baya hannu rabbana.

An yi taron, kowa ya sa kayan da ya sa ranar biki, ango ma ya samo babbar rigarsa daga wurin wanda ya ara masa. Amarya ce kaɗai ta ƙi fitowa, domin a lokacin cikin fari ya bayyana, kuma babu rarrashin da zai sa ta tsaya a gaban iyayenta maza a wannan hali. Hoton auren da ke rataye a zauren yanzu ya ƙunshi kowa ban da ita, kuma duk baƙon da ya tambayi dalili, suruki kan nuna mai binciken ya ba da labarin daga farko, a gabansa, da muryarsa ta kullum ba tare da ya sassauta ba, tun da a saninsa mutumin ba ya ji.