Baki Mai Ruwan Zinare

A Narayi, da zarar an kawo wuta, masu walda sun shiga kokawa da ƙarfe ke nan: ƙofofi, tagogi, gadaje. Wanda ya fi kowa shan wuya a shagon kuwa shi ne bakin injin huda, don shi ba ya da inda zai kai ƙara.

Za a aiki yaro kasuwar Panteka, ya haye kogi, ya dawo da baki mai ruwan zinare yana washe haƙora. Ruwan nan fa shafen titaniyam ne kawai a sama. Ranar da aka wasa tsinin, zinare ya yi nasa wuri. Ƙarfe mai taurin kai, irin wanda ba ya tsatsa, sai bakin da aka gauraya da kobal, kashi 5 ko 8 cikin ɗari. Shi ma da nasa halin: yana jure zafi, amma hannu ya ɗan karkace, ƙaras! Kuɗi sun bi ruwa.

Ga kuma gaggawa. Ƙarfe na son a bi shi a sannu: a buga masa ɗan gurbi tukuna, a ɗiga mai, a danna daidai. Yaro kuwa sai ya sakar wa injin gudu duka, kamar ɗan acaɓa ya hango fasinja. Baki ya yi shuɗi, ya dakushe, sai kuka ba ci.

"Oga, wannan jabu ne."

"To, na jiya fa?"

"Shi ma, oga. Ai duk garin nan babu na gaskiya."