Ƙwannafin Dare da Minsharin Layinmu

Da bazara babu sirri a layinmu. Da zarar zafi ya kori kowa daga ɗaki aka baje tabarmi a tsakar gida, duk abin da dare ya ƙunsa sai ya tsallako katanga: tarin wannan, gyatsar wancan, da minsharin Alhaji mai shagon hatsi da ake ji har gida na uku. Mu dai in mutum yana minshari cewa muke barci ya yi masa daɗi. In kuma ya farka tsakar dare ƙirji na ci da wuta, ruwa mai tsami ya taso har maƙogwaro, sai mu ce olsa ce, a jiƙa masa kanwa.

Ran nan a majalisa, bayan isha'i, Alhaji da bakinsa ya tayar da zancen. Ya ce wata biyu ke nan ba ya kaiwa ƙarfe biyu sai ya zabura firgigit, ya ƙware, baki duk ɗaci. Ɗan layinmu da ke aikin jinya, wanda kowa ke kira Likita, ya matso ya ce: "Baba Alhaji, da ƙarfe nawa kake cin tuwo?" Aka kwashe da dariya, don amsar ta shafi kowa. Tuwonmu sai tara ko goma, miya ta ji man shanu da yaji, a ɗora da goro. Samari kuma daga nan wajen mai shayi suke zarcewa, indomi da ƙwai, a kora da lemon kwalba, sai shimfiɗa. Da azumi ma haka: a cika ciki da sahur, ana sallame asuba a koma barci.

Likita ya ce a ƙarshen hanyar abinci, daidai inda ta shiga tumbi, akwai zoben tsoka da ke tsukewa kamar bakin jaka. Maiƙo da goro da shayi mai kauri da taba suna sassauta shi, teɓa kuma tana matso shi daga ƙasa. A tsaye ruwan tsamin yana zama a gindi, amma ka kwantar da cikakken tulu ka gani. Ga shi cikin barci yawu yana raguwa, haɗiya ma haka, babu mai wanke abin da ya taso. Shi ya sa ake son awa 3 tsakanin lomar ƙarshe da kwanciya.

Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne wanda na ji daga cikin gida. Hajiyar Alhaji ta gaya wa uwargidana cewa minsharin ba ya damunta kamar shirun da ke tsakaninsa. Yana cikin ja sai ya ɗauke ɗif, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga, har sai ta taɓa shi ya ja numfashi da ƙarfi. Wannan ciwo ne mai suna, yankewar numfashi cikin barci. Harshe da ganda ne ke saki su toshe maƙogwaro. In numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, sau 5 a awa, an shiga layin masu ciwon, wanda ya kai sau 30 kuwa nasa ya yi tsanani. Yana jawo hawan jini, ciwon kai da safe, da gyangyaɗin rana. Kuma shi da ƙwannafi abokan tafiya ne, ƙiba na haɗa su, ƙirjin da ke fama da toshewar maƙogwaro kuma yana iya zuƙo abin da ke ciki ya yi sama.

Sai aka zo kan kwanciya, nan majalisa ta yi zafi. Likita ya ce rigingine ita ce mafi muni ga mai minshari, don harshe baya yake faɗawa. A kwanta ta gefe, kuma ga mai ƙwannafi gefen hagu, saboda tumbi a hagu yake: in ka kwanta a kansa ruwan tsamin yana taruwa ƙasa da bakin jakar nan, in ka juya dama kuwa sai ya zo daidai ƙofa. Alhaji ya girgiza kai: "Ni tun ina makarantar allo da dama nake kwanciya. Sunna ce. Yanzu da furfura zan bari?" Na ji daɗin wannan tambaya, don da yawanmu ita ce za ta hana mu ko gwadawa, kuma kunya ba za ta bari mu faɗa a asibiti ba. Malam Liman ya ɗan yi shiru, sannan ya ce: "Alhaji, ka yi alwalarka, ka kwanta ta dama, ka karanta addu'o'inka. In ka gama, juyawa don lalura ba laifi ba ne. Dama wa ya taɓa kwana a gefe ɗaya har asuba?" Fuskar Alhaji ta washe nan take. A ganina maganar nan ta Liman ta yi aikin da kwalin magani ba zai yi ba.

Mu kuma dabararmu ta tara filo uku ba ta fisshe mu. Wuya take lanƙwasawa, ta naɗe ciki, matsin ya ƙaru. Kan gadon ake ɗagawa gaba ɗaya, santimita 15 zuwa 20, wato bulo ɗan inci 6 a kwance ƙarƙashin kowace ƙafa ta wajen kai. Mai katifa a ƙasa ya cusa barguna ko katako a ƙarƙashinta, ta yi gangare tun daga ƙugu. Mai komawa rigingine cikin barci ya tokare bayansa da filo, wasu ma ƙwallo suke ɗinkewa a bayan rigar barci.

Kanwa tana kwantar da zafin nan take, wannan gaskiya ne, amma gishiri ne a cikinta, mai hawan jini bai kamata ya mai da ita abin kullum ba. Madara ma ta ɗan lokaci ce. Omeprazole da muke saya a kemis mu haɗiya sai wuta ta kama, ka'idarsa minti 30 kafin karin kumallo. Ibuprofen da diclofenac da muke sha don gajiya suna ƙara wa ciki rauni. Ƙwayar barci kuwa haɗari ce ga mai ɗaukewar numfashi, tana ƙara sakin maƙogwaro. Wanda abinci ke tsaya masa, ko yake amai da jini, ko bayan gida baƙi ƙirin, ko rama ba dalili, ko ciwon ƙirji da ke sauka hannu tare da gumi, wannan asibiti zai nufa, a daren ma in ta kama.

Akwai na'urar CPAP, wadda likita Colin Sullivan ya fito da ita a Sidni ta Ostireliya a 1981. Iska take hurawa ta hanci ta riƙe maƙogwaro a buɗe, kuma da yawa ƙwannafinsu na raguwa da ita. Sai dai a layinmu tambayar farko ita ce wuta, sai an haɗa da batir ko sola, ga tsada, ga shi sai an yi gwajin barci a babban asibiti.

Washegarin zaman majalisar nan na ga autan Alhaji ya turo baro da bulo biyu. Hajiya kuma ta dawo da tuƙin tuwo kafin magariba, har matan layi suna leƙowa su tambayi ko baƙi aka yi. Direban tirelar da ke ƙarshen layi ne bai ce uffan ba a daren nan, alhali minsharinsa ya fi na Alhaji, kuma shi ke kwana a kan hanyar Legas. Mun shirya da Liman da Likita, ran Juma'a in ya dawo za mu same shi a gida.