Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Injin Babur Ɗin Kawu

Zuwa ga Mai Girma,
Dattijon Inji, Benli mai silinda biyu,
Ƙarƙashin rumfar bakanike,
Kano.

Ranka ya daɗe,

Ina fata ka wuni lafiya a kan tsohuwar tayar da muka shimfiɗa maka. Ni dai ban wuni lafiya ba, kuma kai ne babban shaida. Ina rubuto wannan takarda ne ƙafata ta dama na kan matashi, an shafe ta da man zafi an naɗe da tsumma, albarkacin abin da ka yi mini yau da hantsi a bainar jama'a.

Bari in maimaita, ko da tsufa ya sa ka manta. Mun ɗura maka sabon baƙin mai. Mun buɗe fetur, na ja cok, na yi bisimilla, na ɗora ƙafa a kan kik na taka da ladabi. Maimakon ka tashi, sai ka yi tari guda ɗaya ka dawo mini da kik ɗin a ƙwauri da duk ƙarfin da ka tara tun da aka jingine ka a zaure. Yaran bakanike suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Mai shayi ya baro butarsa ya zo jaje. Wani yaro a kan Boxer, wanda ko uwarsa ba a haifa ba lokacin da ka sauka daga jirgin ruwa, ya rage gudu ya ce, "Alhaji, ka sayar da shi ka huta mana."

Bakanike ya yi mini bayani. Wai wuta ce ta riga fistin isa sama, domin 'yan sifirin da ke riƙe da na'urar gabatar da wuta sun saki, sai fashewar ta tura komai baya. Na ji, na kuma gode. Sai dai ilimi bai taɓa sacce kumburi ba.

Kada ka ce ban san girmanka ba. Na sani sarai. Kai Honda CD 175 ne, irin da aka ƙera tsakanin 1967 da 1979, giya huɗu, kafireta ɗaya. Marigayi Kawu ya fito da kai daga shago a 1975 da kuɗin Udoji, shekarar da gwamnatin Gowon ta biya ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas, malamin firamare ya wayi gari yana taya babur da rediyo a rana guda. A lokacin naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya, litar fetur kuma ba ta kai kwabo goma ba. Ka kai amare, ka kai masu naƙuda asibiti, ka ɗauko buhun gero daga ƙauye ba ka taɓa cewa uffan ba. Waɗanda suka ƙera ka sun fita haƙƙinka. Shekara hamsin ba wasa ba ce.

To amma, ranka ya daɗe, wanda ya gaje ka ba Udoji ya biya shi ba. Albashin wannan zamani nake ci, wanda tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba ya ganin ashirin ga wata. Kuɗin gyaranka adashi ne na ɗauka. Na zauna da biro na raba su gida-gida: na fistin, na ringi, na gasket, na ladan bakanike, har da ɗan canji na goro. Lissafi ya fita tsaf.

Abin da lissafin bai faɗa mini ba shi ne, kai tagwaye ne.

Kusan duk babur ɗin da ke yawo a garin nan, daga Jincheng zuwa Boxer, fistin ɗaya yake da shi, fulogi ɗaya, salansa ɗaya, yana kuma zuwa inda aka aike shi. Kai kuwa komai naka Hassan da Husaini. Fistin biyu. Ringi saiti biyu. Bawul huɗu. Fulogi biyu. Salansa biyu, duka kuma tsatsa ta ci su daidai wa daida don kada ɗaya ya ji an nuna bambanci. Albashi ne kawai ya zo shi kaɗai.

Da muka buɗe ka, bakanike ya zura farce cikin silinda ya ja sama, farcen ya maƙale a wani dandamali da ringi ya shekara da shekaru yana sassaƙawa. Ya ce sai borin. Asalin faɗin raminka milimita 52 ne, ana kuma ƙara shi mataki-mataki: 0.25, 0.50, 0.75, sai 1.00, daga nan sai dai a cusa sabon bututu. An taɓa yi maka na farko tun Kawu na da ƙarfinsa, don haka yanzu hamsin kake nema. Muka ɗauki bulok muka kai wa mai borin. Ko kallonsa bai yi ba ya ce, "Ku kawo fistin tukuna. Ni ba na yanka rami sai na ga mai shiga." Gaskiyarsa. Da fistin ake auna rami, ba da rami ake neman fistin ba.

Hassan bai ba da wahala ba. Wani dattijo mai shago a lungu ya hau kan benci ya zaro wani kwali da ya koma ruwan ƙasa, ya hure ƙura, ya warware takarda mai maiƙo. Sai ga shi yana ƙyalli, an buga 0.50 a kansa, gangariya, bai taɓa ganin wuta ba. Har na fara yi wa Kawu addu'a. Na ce, "Baba, ɗan'uwansa fa?" Ya ce, "An saye shi tun zamanin Abacha."

Ina so ka taya ni tunani, tun da kai ne ka ga jiya ka ga yau. Wane irin mutum ne zai shiga shago ya sayi fistin ɗaya wa inji mai silinda biyu? Me ya yi da shi? Turmi ya mayar da shi? Duk inda yake, in yana raye, ina so ya sani ya raba zumuncin da ya ci mini rabin adashi.

Daga nan aka shiga neman Husaini. Wani matashi ya rantse mini da abin da zai kashe shi cewa nasa ɗan Japan ne, in bai shiga ba in dawo da shi. Muka je, ramin fil ɗinsa ya fi naka faɗi. Na mayar, sai ya nuna mini wata takarda a bango da ban lura da ita ba ranar ciniki, wai kaya in ya fita ba ya dawowa. Wani ya ce yana da mutum a Kudu, a turo kuɗi kawai. Aka tura. Mota ta kawo ƙunshi, an naɗe shi da salatif kamar laya, muka yanka muka tarar da saba'in da biyar. Wani kuma ya ba ni shawara, da fuskarsa ta mutunci, wai a yi rami ɗaya hamsin ɗaya saba'in da biyar, ai inji bai iya karatu ba. Ɗan ƙanwata ya nemo mini a intanet, ga su nan biyu reras a Ingila har da ringinsu. Da ya juya fam zuwa naira ya ɗora kuɗin aikowa, na karɓi wayar na kife ta a kan tabarma.

A ƙarshe a Fanteka ta Kaduna aka samo shi, cikin gawar wani ɗan'uwanka da aka yi wa gunduwa-gunduwa. Na hannu ne, amma bai ji jiki ba. Da yake fistocinka tare suke hawa tare suke sauka, bakanike ya ce in nauyinsu ya bambanta za ka riƙa karkarwa har notina su kwance. Ka san inda na kai su? Wurin mai sayar da gwal. Na tsaya a layi bayan mata masu auna sarƙa da 'yan kunne, na zaro fistin biyu daga aljihun babbar riga na ce a ɗora mini a sikeli. Mutumin ya dube ni, ya dubi fistin, ya auna bai ce komai ba. Shirun nan nasa ya fi zagi ciwo.

Duk wannan na shanye. Bawul ɗinka huɗu da hannuna na wasa su, don ladan bakanike ya ragu. Ana shafa ɗan man gurza a bakin bawul, a manna masa sanda mai roba, a riƙa murzawa tsakanin tafukan hannu, a ɗaga a juya a sake murzawa, har ƙarar ta tashi daga ƙaraf-ƙaraf ta koma sumul, wani siririn zobe mai ruwan toka ya zagaye bakin ba tare da yankewa ba. Sannan a kife kan injin a zuba kananzir a jira a ga ko zai tsiyaya. Na yi wannan sau huɗu, saboda kai ba ka san ɗaya ba. Tafin hannuna ya yi bororo. Gasket ɗin murfin gefe da kwali muka yanka, bakanike na bin bakin ƙarfen da ƙaramar guduma har siffar ta fito. Na kan silinda ne kawai ya ce ba a wasa da shi, dole aka saya.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ba zan tsawaita ba. Sukurorinka duk kawunansu sun lalace, sai da sukudireban da ake bugawa da guduma. Tankinka sai da muka zuba notina da kananzir muka yi ta girgizawa kafin tsatsa ta saki. Matatar baƙin manka, wannan ɗan kofin da ke juyawa, mun tarar da ita cike da abin da za a iya yin kwalta da shi. Batirinka kuwa mai bolt shida ne a duniyar da kowa ya koma sha biyu, ko ƙwan fitila na tambaya sai a kira maƙwabta su zo su ga mai neman kayan tarihi.

Kai tsoho, wai me na yi maka ne?

Ka sha sabon mai alhali girkin gidana da manja ake lallaɓawa. An saita maka tazarar bawul 0.05, siririn da ko gashin kai ya fi shi kauri, an goge maka kwantak, an wanke kafireta an busa kowane jet da baki har na ɗanɗani fetur ɗin zamanin Shagari. Uwargida ta daina tambayar ina kuɗin adashi, yanzu in na shigo sai ta ce, "Ya mai jiki?" Abokaina na majalisa sun sa mini suna Injiniya, ba kuma don yabo ba. Ba haya zan saka ka ba, tun 2013 aka hana acaɓa a Kano. Ba tsere zan yi da kai ba. Abin da nake nema bai wuce in hau ka ranar Juma'a in je masallaci, in biya ta gidan Inna ta ji ƙarar da take ji in Kawu ya shawo kwana. Shi ke nan fa. Wannan ne ya cancanci harbi? Jaki ma sai an tsokane shi. Ka zauna shekara da shekaru kaji na ƙwai a kan sirdinka ba ka harbi ko ɗaya ba, sai ni da na cire ka daga cikin kashinsu?

Kuma na san abin da kake ƙullawa. Bakanike ya taɓa sarƙar taimin ɗinka jiya ya yi tsaki. Ya matsa kuloci ya yi shiru. Na ga idonsa. Ina sanar da kai tun yanzu, babu. Asusun ya rufe. Ko sisi ba ta rage ba sai kuɗin 'yan sifirin nan, su ma da na tambaya aka ce biyu ne. To, da ma mana.

Saboda haka ga matsayata, kuma a rubuce take. Gobe za a sa sifirin, a juya injin har alamar F ta zo daidai da tsagarta, a saita kwantak ya buɗe a daidai wannan lokaci, ba kafinsa ba. Babban yaron bakanike ne zai taka kik, na riga na biya shi kuɗin kasada. In ka tashi, na yi alkawarin lallaɓa ka har sababbin ringin su zauna: ba gudu, ba goyo, ba buhu, in kuma juye maka mai da wuri ko da zan ci bashi. Hayaƙi kaɗan na yafe. Ɗigon mai a tsakar gida ma na yafe, zan sa tire.

In kuwa ka ƙi, ina tuna maka cewa 'yan gwangwan suna wucewa ta ƙofar rumfar nan kullum da kurarsu, kuma su ba sa tambayar shekarar ƙira, kilo suke aunawa. Jikinka alminiyon ne mai kyau, irin wanda maƙera ke narkawa su zuba tukwane. Na tambaya, an ce za ka yi tukunyar tuwo babba har da ludayi. Uwargida ta ce a yi mata guda biyu matsakaita, tun da ka saba.

Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya gwargwadon aljihu,
Ɗan ƙanwar maigidanka, magajinka bisa tsautsayi.