Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Kafireta

Zuwa ga Hajiya Kafireta,
Ƙarƙashin bonet,
Tsohuwar Fijo 504.

Da fatan kin tashi lafiya, ko da yake tashin naki ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Hajiya, mu direbobin a-kori-kura da ke bin hanyar Anka, Daki Takwas, Bukkuyum da Gummi mun san asalinki. A Faransa aka fara ƙera irin motar da kike ciki a 1968, shekara na zagayowa aka naɗa ta gwarzuwar motocin Turai. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna, kuma 504 ba ta daina fitowa daga can ba sai 2006. Turawa tuni suka sake ki suka auri injekta. Mu ne muka riƙe ki da amana, don haka muna da bakin yin ƙorafi.

Na farko, maganar cok. Aikinki bai wuce na mai dama fura ba: ki haɗa iska kusan kashi 15 da fetur kashi 1 a ma'aunin nauyi, ki miƙa wa inji. In hunturu ya shigo, fetur ba ya saurin zama tururi, shi ya sa muke jan cok, ɗan faifan nan ya tare hanyar iska, haɗin ya yi kauri. Har nan babu gardama. Amma wayar cok ɗin yawancinmu ta tsinke tun kafin a ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996. Yanzu sai yaron mota ya cire murfin iya-kilina da asuba, ya toshe miki baki da tafin hannu, direba yana murza makulli yana salati. Ki tsotse hannun yaro, ki yi tari, ki yi atishawa, wani lokaci har da feshin wuta. Fasinjojin da suka biya kuɗin mota su sauko su tura, bayan sun tura kuma ba a rage musu ko sisi. Wanda cok ɗinsa ke aiki shi ma bai tsira ba: ya mance bai mayar ba, salansa ta turnuƙe gari da baƙin hayaƙi, filogi ya yi baƙi ƙirin.

Na biyu, cin mai. Da can muna kawar da kai. Amma tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin fetur, duk ɗigon da ya zubo daga cikinki daga aljihunmu yake fita. Allurar fulot ɗinki ta cinye, mai yana ambaliya, ke ko a jikinki. Na san za ki ce man jarka muke ɗura miki daga hannun 'yan bumburutu, wani da ruwa, wani da yashi, ga ƙurar hanya. Gaskiyarki. Sai dai a ƙauye abin da ya samu shi ake sha, kuma babba juji ne.

Na uku ba sashenki ba ne, amma ke ce dattijuwar gidan, ki isar wa tamfol da saƙo. An ce a Turai akwai 'yar'uwarku 504 mai rufin zane da ake naɗewa, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana a 1969, masu kuɗi suna fita da ita shan iska. Namu rufin kansa yake buɗewa ba a tambaye shi ba, a tsakiyar damina, a kan buhunan gero da 'yan kasuwa. Baduku ya yi masa faci har facin ya fi tamfol ɗin yawa.

Duk da haka ba saki na zo yi ba. In kin shaƙe, bakanike a gindin darbejiya zai kwance ki da sukundireba, ya zuba kayan cikinki a murfin kwano da ɗan fetur, ya zaro silin waya ya zura a ramin jet, ya busa da baki, ya ɗaga shi sama ya leƙa ko haske ya ratsa. Ya mayar, ya murɗa ƙusar silo da kunne har inji ya daidaita. Kafin shayi ya huce an kama hanya. Ita kuwa amarya injekta, in ta yi yaji sai an ja ta zuwa Gusau ko Sakkwato an jona mata kwamfuta, kuɗin ja kaɗai ya isa sayen kafireta biyu na hannu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Don haka ga sulhu. Mu za mu tace mai da ƙyalle, mu wanke iya-kilina, mu sayi sabuwar wayar cok. Ke kuma ki rage ci, ki riƙa tashi a bugu na biyu ko na uku, musamman ranar kasuwa. In kin ƙi, jakuna na nan, kuma ba a cire musu tallafin ciyawa ba.

Naki mai biyayya,
Wani direban a-kori-kura,
Yargalma.