Bokitin Bayan Ƙofa da Masu Shi

A watan Disamba na 2023 kamfanin Procter & Gamble, mai yin Pampers, ya sanar da cewa zai daina sarrafa kaya a Najeriya, ya koma shigo da su daga waje. Ba a rufa shekara ba Kimberly-Clark mai Huggies shi ma ya tattara nasa ya nasa, ya bar masana'antar da ya buɗe a Ikorodu a 2022. Masana suka duƙufa sharhi kan faɗuwar naira da tsadar dala. A cikin gida kuwa sharhin bai yi tsawo ba: an lalubo tsohon bokiti, an karkaɗe masa ƙura, an ce wa maigida ya biya ta kasuwa ya sayo nafkin dozin biyu da wandon roba.

Famfas bai ɓace daga shaguna ba, Molfix na kamfanin Hayat na Turkiyya da 'yan'uwansa suna nan jibge. Kuɗin ne ya yi tashin gwauron zabi. Sabon jariri kuwa bai san dala ba, sau 8 zuwa 12 ake canza masa a yini da dare. Shi ya sa nafkin ya dawo gidaje da yawa, ya kuma dawo da bokitinsa, bokitin nan kuma ya tona halin mutane.

Wadda kowa ya fi sani ita ce Hajiya Sai-gobe. Ita addininta jiƙo. Ta yi imanin cewa duk abin da aka bari cikin ruwa zai wanke kansa in an yi haƙuri. Ranar Litinin ta jefa nafkin uku, Talata ta ƙara biyar, Laraba ta ɗaga murfi, ta yi baya da sauri tana salati, ta mayar ta rufe, ta ce ai bai gama jiƙuwa ba. Abin da ya buge ta a hanci sunansa amoniya: ƙwayoyin cuta ne ke cinye wani sinadari da ke cikin fitsari su mayar da shi iskar nan mai sa hawaye, zafi kuma yana ƙara musu kuzari. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba sa buƙatar kwana uku. Ranar Alhamis baƙi na sallama daga zaure sun riga sun san an yi haihuwa a gidan. Hajiya za ta kunna turaren wuta mai tsada, sai zarni da turare su haɗu su haifi wani abu na uku wanda ya fi kowannensu muni.

Dariyar tana ƙarewa a nan, domin bokitin da ke cike da ruwa tarko ne ga yaron da ya fara tsayuwa. Kan yaro yana da nauyi sosai in aka kwatanta da jikinsa. In ya leƙa ya rinjaya, ba zai iya fitar da kansa ba, ba kuma za a ji kukansa ba. Ruwa kaɗan ya isa. Wannan na daga dalilan da suka sa masu kula da lafiyar yara suka fi son busasshen bokiti: a kakkaɓe kashin a masai, a ɗauraye nafkin, a matse, a ajiye ba ruwa, a wanke kafin ya wuce kwana biyu.

Kishiyarta a hali ita ce Likitar Bokiti. Wannan ba ta yarda da sabulu shi kaɗai ba. Omo hannu biyu, Dettol murfi uku, Izal kaɗan don albarka, sannan ta tsiyaya bilic ɗin Hypo har sai ruwan ya canza kama. Tana juyawa da tsohuwar muciya tana tari, tana cewa tarin shaida ce ta magani na aiki. Ba haka ba ne. Sinadarin kulorin da ke cikin bilic idan ya haɗu da amoniyar tsohon fitsari yana fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu, musamman a ƙuntataccen banɗaki marar taga. Nafkin ɗinta fari ne ƙal, wannan ba gardama, amma kafin wata uku ya zama rariya. Ga kuma cinyar jaririn ta saɓe, domin duk abin da ba a ɗauraye ba a fatarsa yake kwana. Sai ta ce wai sabulun wanka ne bai karɓe shi ba, ta sake sayo wani.

Sai Kaka, wadda ta zo zaman jego da ƙullin kanwa da ra'ayi a kan komai. Ita ko nafkin ɗin ma kallon bidi'a take masa. Ta goyi 'ya'ya tara da tsumman tsohon zane, wanda ya sha wanki har ya yi laushi, kuma babu wanda ya taɓa saɓewa, in ji ta. «Ke 'yar nan, ɗora ruwa ya tafasa,» shi ne karatunta na asuba. 'Yar ta ce, «Inna, gawayi fa ya yi tsada.» Kaka ta ce, «Asibiti ya fi shi.»

Gaskiyar magana, a mafi yawan abubuwa Kaka ce da gaskiya. Auduga tana barin fata ta sha iska. Ruwan zafi yana kashe ƙwayoyin cuta, kuma zafin digiri 60 da ake ba masu injin wanki shawara a kai bai kai tafasar tukunyarta ba. Rana tana cinye rawayan tabon kashin mai shan nono ba tare da an sayi komai ba. Man kaɗanyar da take shafawa a matse-matsi yana hana danshi zama a fata. Har barin yaro da take yi tsirara a kan tabarma na ɗan lokaci, shi ne abin da ma'aikaciyar jinya za ta faɗa in an kai mata saɓa.

Wuri biyu take zamewa. Na farko, ta ɗauka kashin jariri ba ƙazanta ba ne, don haka ta watsa ruwan ɗauraya a tsakar gida ko a kwata, ta goge hannu a zane ta koma dama kunu. Kashin yaro yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa kamar na babba, masai ne wurinsa, hannu kuma sai da sabulu. Na biyu, in igiya ta cika sai ta baza sauran a ƙasa ƙarƙashin darbejiya. Akwai wani ƙuda a ƙasashen Afirka kudu da Sahara da ke son yin ƙwai a ƙasa mai inuwa da kan tufa mai danshi da zarni. Tsutsarsa na shiga fata ta yi ƙurji kamar maruru, da ɗan rami a tsakiya. Rigakafinsa shanya a igiya cikin rana da guga mai zafi, ko ta gawayi ce.

'Yar Rabi-da-rabi ba ta da dogon bayani. A gida nafkin, in za a fita unguwa famfas, kuma sai ta fito da shi daga jaka a gaban mutane a hankali, yadda kowa zai ga sunan kamfanin. Lissafinta daidai ne, faharin ne kawai ƙari.

Akwai kuma amaryar zamani da ta yi odar nafkin mai maɓallai da zanen zomaye, wanda kuɗin guda ɗaya zai sayi na kasuwa masu yawa. Tana ganin ita ta fara gano abin. Alhali tun 1946 wata uwa a Amurka, Marion Donovan, ta gaji da wankin zanen gado, ta yanka labulen banɗaki ta ɗinka wando marar yoyo, daga baya ta sa masa maɓallai a madadin fil. Fil ɗin ma da amarya ke rainawa yana da tarihi: Walter Hunt ya ƙirƙiro shi a 1849 don ya biya bashin dala 15, ya sayar da haƙƙinsa a kan dala 400. Pampers sai 1961 ya shiga kasuwa. Kuskuren amarya ɗaya ne, tana zuba ruwan laushin kaya mai ƙamshi a ɗauraya. Shi kuwa yana lulluɓe zaren ya hana shi tsotsar ruwa. Nafkin na ƙamshin furanni, fitsari na gangarawa kan shaddar baƙo.

Maigida fa? Shi ne ya kawo shawarar komawa nafkin, da biro da takarda, ya nuna nawa za a rage a wata. Abin da ya manta bai saka ba shi ne jarkokin ɗan garuwa, da sabulu, da gawayi, da bayan matarsa. Yana ɗaukar yaro yana wasa da shi har sai ya ji ɗumi a cinya, nan take ya miƙe hannu ya ɗaga shi nesa da jiki: «Maman Abba, zo ki karɓi ɗanki.» Minti biyar da suka wuce ɗansa ne. In mai ɗan karatu ne sai ya fake da tsarki, ya ce lokacin salla ya gabato. Malaman Malikiyya sun san wahalar nan tun da daɗewa. A cikin Muhtasar na Halil an yi wa mai shayarwa rangwame kan abin da ya taɓa tufarta matuƙar tana ƙoƙarin kiyayewa, an kuma so ta ware wani zane na salla. Rangwamen dai mai goyo aka yi wa. Babu inda aka ce ruwa da sabulu ba sa tsarkake hannun namiji.

Maƙwabciya mai ƙirga shanya ba ta taɓa bokitin ba, amma ta fi kowa sanin labarinsa. Daga kan katanga take karanta igiya. Nafkin goma sha biyar yau, to yaron zawo yake. Kwana biyu ba shanya, an yi albashi an sayi famfas. Ta ga rawaya-rawaya, to amaryar nan ƙazama ce, labari ya kai gidan suna kafin La'asar.

Wadda ba a ambata a duk wannan hira ita ce mai wankin. A gidaje da dama yarinya ce 'yar shekara goma sha biyu, yayar jaririn ko 'yar aiki, tsugune a bakin rijiya da sassafe, hannunta cikin ruwan da Likitar Bokiti ta haɗa, yatsunta sun tsattsage. Ita ta san wane nafkin ne ya fara yagewa da wanda ba ya tsotsa, ba a dai tambayarta. Duk gidan da ya koma nafkin don rage kashe kuɗi, ya cire daga abin da ya rage ya saya mata safar hannu ta roba, ya sayi bokiti mai murfi da ke kamawa, a ɗora shi inda mai rarrafe ba zai kai ba, kuma a bar ta ta tafi makaranta a kan lokaci.