Masu Gashin Tuffa, Daga Malali Zuwa Rigasa

Da zarar ruwan sama ya fara ja da baya a watan Oktoba, sai wayoyin matan Kaduna su cika da bidiyon wani gashi na Amurkawa da suke kira kobla. A yanyanka tuffa, a juya ta da sukari da kirfa, a zuba a faranti mai zurfi, a ɗiɗɗiga kwaɓin fulawa da bota da madara a samanta cokali-cokali, a gasa minti 40 zuwa 45 har ruwan tuffar ya riƙa ɓulɓulowa ta gefe. Iyakar girkin ke nan. Ba shi da wahalar alkaki, ba shi da ɗawainiyar dubulan. Duk da haka, daga Malali zuwa Rigasa an samu jama'a iri-iri da suka mai da shi abin tayar da jijiyar wuya. Matsayina a kansu shi ne, wanda ya fi kowa bin Baturiyar bidiyo sau da ƙafa shi ya fi kowa saɓa wa girkin, domin abinci ne da aka ƙirƙira don mutumin da kayan aiki suka yi wa ƙaranci, 'ya'yan itace kuma suka yi masa yawa.

Tarihin abin ba ɓoyayye ba ne. Turawan Ingila da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun rasa kayan haɗi da kayan aikin da suka saba yin kayan zaƙinsu na gida da su, sai suka koma ga dabara: tukunyar ƙarfe a kan garwashi, 'ya'yan itace a ciki, kwaɓi a sama, sannan a ɗebi wani garwashin a ɗora kan murfi. A kakarsu, daga Satumba zuwa Nuwamba, tuffa kan zuba har ta rasa mai ci, to gara a gasa ta da a bar ta ta ruɓe. A Ingila ma, bayan an fara rabon bota da sukari da kati a watan Janairun 1940 saboda yaƙi, ma'aikatar abinci ta ƙasar ta riƙa kwaɗaita wa mata irin wannan gashi domin ba ya cin bota da yawa, kuma yana yiwuwa da botar man itatuwa, irin wadda muke saye yau da sunan Simas ko Blue Band. Girkin talauci ne da na yaƙi, ko da yake yanzu a kicin mai tayil ake ɗaukar hotonsa.

Sai ga Hajiya mai ƙa'ida, wadda aka fi samu a gidajen Unguwar Rimi da Malali masu dogon get. Ita ba ta yarda da kowane kayan haɗi sai ta ga kwalinsa ya yi daidai da na bidiyo. Direba zai zagaya manyan kantuna neman sukari mai ruwan ƙasa, alhali ga mazarƙwaila nan a kasuwar Kawo ranar Talata, wadda ta fi shi ƙamshin rake. Kirfar da ke cikin kwalba mai tambarin waje ita ce kirfa a wurinta, ta mai kayan shayi a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi kuwa “ɓawon itace ne kawai”, sai ka ce ta kwalbar daga wani abu aka niƙo ta. Abin da ya fi ban dariya shi ne jiran da take yi wa Oktoba, wai lokacin tuffa ne. Lokacin tuffar wa? Itacen tuffa yana buƙatar dogon sanyi kafin ya yi fure, shi ya sa ban da ɗan abin da ake nomawa a tsaunukan Jos da Mambila, tuffar da ke kan baro a titin Ahmadu Bello daga ƙetare take, mafi yawanta daga Afirka ta Kudu. Can kuwa kakarsu ta saɓa da ta Amurka, daga wajen Janairu zuwa Mayu ake tsinka. Ke nan tuffar da Hajiya ke yi wa maraba a matsayin sabon amfanin gona, mai yiwuwa tun kafin damina ta sauka a Kaduna take kwance a ɗakin sanyi.

Mai karatu zai ce, in dai dabara ce asalin girkin, to ai gwanar ita ce Anti Ai-duk-ɗaya-ne, wadda ba ta taɓa fasa girki don rashin wani abu ba. A nan ne ya kamata a yi hattara, domin dabara daban, ganganci daban. Anti ta duba babu bakin hoda, sai ta zuba yis ta rufe kwaɓin a rana, ya tashi ya zama ƙullun fanke. Ran da yis ya ƙare sai ta jiƙa kanwa. Kanwa tana iya tayar da kwaɓi, kakanninmu sun sani, amma sai ta gamu da tsami, kamar na nono ko tsamiya, in ba haka ba ɗanɗanon sabulu za ta bari a baki. An ce kofi ɗaya na fulawa da kofi ɗaya na madara, sai ta auna fulawar da gwangwanin madara, madarar kuma da ƙaton kofin shayin maigida, ba ta san kofin Amurkawa mililita 240 ba ne, gwangwanin kuwa da ƙyar ya wuce kashi biyu cikin uku na hakan. An ce ƙaramin cokali na kirfa, ita kuwa ta ga ai ƙamshi ake nema, sai ta ƙara citta da kanumfari da masoro da kimba, har baƙon da ya ci ya share gumi ya tambaya ko an yi haihuwa a gidan ne ba a gaya masa ba. Laifin Anti ba musanya ba ne, rashin tambayar aikin da kowane abu ke yi ne kafin ta musanya shi. Jar tuffa mai laushi tana narkewa ta zama fate a wuta, koriyar nan mai tsami da ake kira Granny Smith ita ke riƙe jikinta. In ja ce ta samu, a rage sukari, a matsa lemon tsami, wanda zai kuma hana ta yin baƙi bayan yanka, a barbaɗa cokali ɗaya na konfulawa don ruwan ya yi kauri. Wannan ita ce musanyar mai hankali.

Akwai kuma amarya mai obin na lantarki, wanda iyayenta suka sha wuya kafin su sa shi cikin kayan kicin, 'yan jere suka ajiye shi inda duk mai shigowa zai gani. Har yau ledarsa ba ta gama fita ba, cikinsa kuwa ya zama ma'ajiyar robobi. Ran da ta yi niyyar gashi, shirinta gaba ɗaya yana rataye ne a kan ihun yaran unguwa na an kawo wuta. A watan Afrilun 2024 aka tsauwala kuɗin lantarki ga layukan da ake kira Band A zuwa naira 225 kowane yunit, bisa alkawarin sa'o'i 20 a rana, amma ba kowace unguwa ke kan wannan layi ba, kuma kwaɓi mai bakin hoda ba ya jiran kowa, da ya ji ruwa ya fara aiki. Wuta ta ɗauke bayan minti 15, ƙaramin janareta ba ya ɗaukar obin, sai a zauna ana kallon farantin ta gilashi. In kuwa wutar ta tsaya, sai maigida injiniya ya shigo taimako. Ya ga an rubuta 350, ya duba makunnin ya ga a 250 ya ƙare, sai ya murɗa shi har ƙarshe ya ce sauran ɗarin a cike da haƙuri. Lambar 350 ta ma'aunin Amurkawa ce, a namu wajen 180 ke nan. Sama ya zama gawayi, tsakiya ɗanye, shi kuma ya yanke hukuncin cewa obin ɗin jabu ne.

Wadda ta fi kowa kusa da asalin girkin ba ta taɓa jin sunansa ba. Ita ce Inna ta Tudun Wada ko Unguwar Shanu da ta daɗe tana gasa kek ɗin sallah da tukunya da yashi. Ta shimfiɗa yashi a gindin babbar tukunya, ta ɗora a kurfoti ya ɗau zafi, ta kai tafin hannu kusa da bakin tukunyar ta ji, ta ce ya yi. Ta sa gwangwanin a kan yashin, ta rufe, ta zuba garwashi kaɗan a kan murfi, can ta juya tukunyar don kada gefe ɗaya ya kama, daga ƙarshe ta karyo tsinke mai tsabta ta soka a kwaɓin, in ya fito a bushe ta sauke. Wannan fa ita ce hanyar waɗancan Turawa masu ƙaura, bambancin bai wuce yashin ba. Wanda ya ɗan fi ta hali sai ya je tsohuwar Panteka maƙera su ƙera masa akwatin gashi na ƙarfe mai wurin gawayi sama da ƙasa. Za a ce zafin gawayi ba ya daidaita, kuma gaskiya ne, kek mai son tashi sumul yana iya yin fushi da shi. Amma wannan gashin abu biyu kawai yake nema, ƙasa ya tafasa, sama ya yi ja, kuma gargada a samansa ba aibi ba ne. Matsalar Inna ɗaya ce, ba ta koyarwa. Ka tambaye ta sukari nawa, ta ce daidai misali. Minti nawa? “Ke ma hancinki zai gaya miki.”

Ƙorafi mafi ƙarfi na maigida mai lissafi ne, wanda ke tsayawa a bakin kicin yana ƙirga ɓawo. “Maman Abba, tuffa shida a tukunya ɗaya?” A wurinsa, kamar a wurin yawancin mutanen garin nan, tuffa kayan dubiya ce. Ita ake ƙullawa uku ko huɗu a leda in za a je Asibitin Barau Dikko ko na 44, a yanka ɗaya gida huɗu, mara lafiya ya ci ɗaya, masu jinya su ci ukun. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a Yuni, duk abin da ke shigowa daga waje ya yi tashin gwauron zabi, kuma fulawar kanta mafi yawan alkamarta shigo da ita ake yi. Mutumin nan yana da gaskiya, sai dai gaskiyarsa tana goyon bayan hujjata ne. Abin da ya yi arha a kakarka shi ake gasawa. A Oktoba gwaiba ce ke zuba, a ƙwaƙule 'ya'yanta a yanka naman, tana da tsami da ƙamshin da tuffar ɗakin sanyi ba ta da su. Ga abarba da ake kawowa daga kudu, ga dankalin Hausa, wanda mutanen kudancin Amurka ma suna gasawa haka. In bazara ta zo kuwa mangwaro kan cika kasuwar Bakin Dogo har ya rasa mai saye. Maigidan dai ba a raba shi da halinsa, bayan ya gama lissafin asara shi ke komawa kicin da daddare ya kankare gefen farantin.

Goggo mai kishin gargajiya ba ruwanta da farashi, ita asali take tambaya. Me ya fi nakiya da alkaki da gireba da za a zo ana dafa ɗan itacen da Allah ya riga ya nunar? Amsarta tana cikin tukunyar miyarta. Tumatir da barkono da tattasai, da masarar tuwonta, da rogo da gyaɗar ƙuli-ƙuli, duk daga nahiyar Amurka suka fito, babu ɗayansu da ya iso ƙasar Hausa kafin tafiyar Kolombos ta 1492. Gwaibar da na yaba ma daga can take, mangwaro kuwa daga yankin Indiya. Inda Goggo ta yi nasara shi ne wajen ajiya. Alkaki yana yin makonni a cikin kwalla, shi ya sa yake shiga gara, wannan gashin kuwa in babu firij, kwana ɗaya ya ishe shi ya fara tsami.

Saura biyu da ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai mai hoto, wadda ba ta yarda abinci ya zama mummuna, sai ta shafe saman kwaɓin sumul ta toshe duk ramukan da tururi zai fita, ya gasu a jiƙe, ta yi masa ado da ganyen na'a-na'a, ta ɗauke shi ta kowace kusurwa don WhatsApp har ya huce, masu kallo suna yi wa rogo kallon kitse. Akwai kuma mai ɗaga murfi, galibi autan gida ko kakarsa, wanda duk bayan ɗan lokaci sai ya leƙa ya ga ko ya yi. Kowace leƙa tana sakin zafin da aka sha wuya aka tara, kuma in tukunyar yashi ce, tokar murfi takan zuba a ciki. Shi ne kuma farkon mai cewa gashin ya daɗe.