Iskar da Aka Hana Hawa Sama

Tun ban buɗe baki ba na hango wasunku sun taɓe nasu. Iska a kwalba? Wato duk iskar da Allah Ya hore mana kyauta, har tana yaye rufin kwano a farkon damina, ba ta isa ba sai an ɗura wata a ƙarfe an sayar? To ku gyara zama. Abin akwai shi, har cacar baki ake yi a kansa a filayen jiragen sama.

'Yar kwalbar ƙarfe ce, tsawonta kamar na ɗan yatsa, an danƙare ta da iskar nan da ke sa lemon kwalba kumfa, wadda 'yan kimiyya ke rubutawa CO2. Mai giram 16 ita masu tseren keke suka fi cusawa a aljihu. Taya ta yi faci a dokar daji, ka sauya tiyub, ka murɗa kwalbar a ɗan bakinta, ka danna kan bawul, sai ka ji fuuu! Kafin ka ce kwabo taya ta yi tauri. Ita kuwa kwalbar ta yi fari fat da ƙanƙara, in ba ka naɗe ta da tsumma ba sanyi ya ƙona maka yatsu. E, sanyi na ƙuna. Wanda bai yarda ba ya zo in ba shi ya riƙe. Kashegari kuma ka tarar tayar ta yi laushi, domin wannan iskar ta fi ta famfo saurin sulalewa ta jikin roba.

Ga wani Bakano can ya fara lissafi da yatsu: bugu ɗaya a jefar da kwalba, alhali ga mai faci a gindin darbejiya? Alhaji, kwantar da hankalinka, ba daga aljihunka za a cira ba. Mai tsere a tsaunukan Faransa ba ya cin karo da mai faci a kowace kwana.

Rigimar tana tashi ne in mutum ya naɗe kekensa a akwati zai hau jirgi. A nan ne rukuni na biyu ke miƙewa, malaman da ba su taɓa ganin kwalbar ba amma sun riga sun yanke mata hukunci: "Ai dole a hana! Da jirgi ya lula sama za ta fashe." Ku nake jira tun ɗazu.

Matsin da ke cikin kwalbar a yanayi mai digiri 20 ya kai kusan 57 a ma'aunin bar. Tayar keken tsere 6 ko 7 take sha. Duk iskar duniyar nan da ke danne mu a ƙasa kuwa, bar 1 ce tak. Cikin jirgin fasinja na zamani, har da ɗakin kaya, ana riƙe matsi ne kamar na kan tsaunin da bai wuce mita 2,400 ba, wato abin da ya ragu a wajen kwalbar bai fi rubu'in bar ba. Ko duniyar wata ka kai ta, bar 1 ne iyakar abin da za a ƙara mata. Raƙumin da ya tashi da buhu 57, ka ɗora masa tiya guda ka ce kai ka karya shi? Zafi ne abin tsoro. Daga digiri 20 zuwa 30 kawai, matsin ya haura 70. Wanda ya manta da ita cikin mota a ranar Sakkwato ta watan Afrilu ya fi matuƙin jirgi gallaza mata.

Don haka masu jirage gobara suke hange. In wuta ta tashi a ɗakin kaya, duk abin da aka matse a ƙarfe zai iya tashi kamar harsashi. Ba kuma tsoron banza ba ne: a 1996 jirgin ValuJet ya faɗa fadamar Everglades a jihar Fulorida, mutum 110 suka rasu, sanadin na'urorin samar da iskar shaƙa da aka loda a ɗakin kaya suka kama da wuta. Waccan iskar tana rura wuta, tamu kashe ta take yi, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Duk da haka dokar ba ta ce a'a ba. Ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta yarda fasinja ya ɗauki har guda huɗu, kowace kada cikinta ya wuce mililita 50, wato kimanin giram 28 na iskar, da sharaɗin kamfanin jirgin ya amince. Wannan sharaɗin shi ne ƙayar kifin. Wani kamfani ya ce to, wani ya ce sam. A Amurka ma hukumar binciken fasinjoji, TSA, cewa ta yi in ba wofi kwalbar take ba kada ta gan ta, a hannu ko a akwati, sai dai ta rigar ceto.

Ni kaina na taɓa zuwa da takardar ƙa'idar a ninke cikin fasfo, ina taƙama. Jami'in ya ƙura wa allonsa ido, ya ga abubuwa huɗu jere, masu ƙaramin wuya, sak harsasai. Ya ce, "Malam, waɗannan fa?" Na ce iska ce. Ya dube ni irin kallon da kuka yi mini a farkon rubutun nan. Na miƙa takarda, ya karanta har ƙasa, ya gyaɗa kai ya ce, "Takardarka ta yi kyau," sannan ya zuba su cikin kwandon da ke cike da almakasai da kwalaben turare. Ga layi a bayana, ga kiran jirgi. Tun daga ranar ƙaramin famfon hannu nake ɗaura wa keke, in na sauka in sayi kwalaben a shagon masu keke.

Ku kuwa 'yan "za ta fashe", in Allah Ya kai ku Hajji bana, ku saurari ma'aikaciyar jirgi lokacin da take rataya rigar nan mai ruwan ɗorawa tana nuna igiyar da ake ja. Me kuke tsammani ke kumbura ta? Ku laluba ƙarƙashin kujera. 'Yar'uwar kwalbar tawa ce a ciki, kuna zaune a kanta tun daga Kano har Jidda, kuna cin shinkafa. Hajiya, na ce ki laluba, ban ce ki ja igiyar ba.